Daga Zango Zuwa Kwalta: Tarihin Cunkoson Hanya a Tsafe, Gusau da Bungudu

Duk ɗan wannan yanki namu da ke zaune a Kaduna, ko Abuja, ko Zariya, ko Ikko, in ya tashi zuwa gida ƙofa ɗaya yake bi. Daga Funtuwa zai miƙo, ya wuce 'Yankara ya shigo ƙasar Zamfara, ya ratsa Tsafe, ya bar dutsen Kwatarkwashi a gefe, ya faɗa Gusau. In kuwa mutumin Bungudu ne, sai ya ƙara kimanin kilomita 20 a kan hanyar Sakkwato. Wannan hanya ita ce jijiyar garuruwan nan uku, a kanta muke ci, a kanta muke kai marasa lafiya asibiti, a kanta kuma muke tsayawa cik ranar kasuwa ko jajibirin Salla, mota bayan mota, a garin da mai kabu-kabu kan ratsa cikin minti biyar idan hanya a buɗe take.

Mun saba ɗora laifin wannan cunkoso a kan rashin haƙurin direbobi da gangancin matasa masu babura. Suna da nasu kason, ko shakka babu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya bi tarihin hanyar zai tarar cewa abubuwa uku da kakanninmu suka raba, wato matafiyi mai wucewa, da kaya masu nauyi, da kasuwar gari, su ne zamani ya tattaro ya zuba a kan kwalta guda mai faɗin da bai wuce na mota biyu ba. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da muke son mu bi diddiginsa a mujallarmu ta bana, domin aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Sakkwato ya sa maganar ta tashi daga hira ta koma shawarar da za ta shafi jikokinmu.

Zamanin ayari

Garuruwan nan sun girmi mota nesa ba kusa ba. 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe, ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadi, har yau kuma sarautar Tsafe da sunanta ake kiranta, wato 'Yandoton Tsafe. A farkon ƙarni na 19 ne Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa Gusau, inda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau. Bungudu kuwa, a bakin Gulbin Sakkwato, tana ƙarƙashin Sarkin Fulani. Ƙasa ce da take tsakanin Kano da Katsina da Zazzau ta gabas, da Sakkwato da Gwandu da Jega ta yamma, saboda haka ba ta taɓa rabuwa da matafiya ba: fatake, da manzannin sarakuna, da almajirai, da masu koren shanu.

Kada mai karatu ya ɗauka zirga-zirgar wancan zamani ƙarama ce. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro kan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai da alfadarai, ƙarƙashin madugu da jagabansa. Da a ce irin wannan ayari zai kutsa ta ƙofar gari ya bi lungunan da aka yi domin mai tafiya ƙasa da jaki ɗaya, da garin ya tsaya cik har faɗuwar rana. Shi ya sa al'adar ƙasar Hausa ta tanadi zango. Ayari ba ya kwana a tsakar gari. Yakan sauka a fili a gefen gari, kusa da ruwa da ciyawa, a sauke kaya, a ɗaure dabbobi, matan gari su fito da tuwo da fura su sayar, dillalai su zo a yi ciniki, madugu ya shiga ya gai da sarki, gari na wayewa a ɗaura kaya a wuce. Garin ya ci ribar baƙo, baƙon kuma bai toshe wa kowa ƙofar gida ba. Wannan tsari ya yi ƙarfin da har ya bi Hausawa zuwa ƙasashen waje: unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana daga nan suka samo suna.

Su ma shugabannin wancan lokaci ba su ɗauki hanya abin wasa ba. A cikin Usulus Siyasa, littafin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi cikin haƙƙoƙin da talakawa ke bin shugaba. Malamanmu kuma sun san hukuncin da ya zo a hadisi na barin zira'i bakwai idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya. Ma'ana dai, hanya tana da haƙƙinta, ba kuma mallakar wanda ƙofarsa ta kalle ta ba ce.

Dogo ya iso

Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Abin da ya fi damunsu a wannan yanki shi ne auduga da gyaɗa da fatu, da yadda za su kai su bakin teku. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya iso Gusau a 1927, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Babu abin da ya sauya fuskar Gusau kamar wannan. Garin da yake ɗaya daga cikin gundumomin lardin Sakkwato ya wayi gari shi ne bakin dogo na lardin baki ɗaya. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna da rumbuna, ƙungiyar noman auduga ta Ingila, BCGA, ta kafa injin gurza, Kwarori da Yarabawa da Inyamurai suka zo, aka sami Sabon Gari da Tudun Wada.

Abin lura a nan shi ne inda aka ajiye waɗannan abubuwa. Ba a kai su Kanwuri ba, ba a kuma cusa su Ƙofar Jange ko Ƙofar Mani ba. An ajiye su waje da tsohon gari, kusa da tasha. Sunan Kantin Daji kaɗai ya isa shaida: a lokacin da aka kafa kantunan, wurin daji ne. Ba muna yabon Turawa ba ne, domin sun yi haka ne don amfanin kansu da kuma son nisantar talakawa. Sai dai sakamakon ya zo daidai da tsohuwar hikimar zango. Manomin Bungudu ko na Kwatarkwashi ya ɗoro audugarsa a jaki ko raƙumi, daga baya a ƙaramar roka, ya kai ma'auna, daga nan nauyin ya koma kan ƙarfe, ya bar ƙasa. Abin da jirgi ɗaya ke ja a tashi guda, sai an jera manyan motoci masu yawa kafin su kwashe shi. Shekaru kusan hamsin, mafi nauyin kayan da ke fita daga wannan ƙasa ba su taɓa bi ta tsakiyar Tsafe a kan taya ba. Sukan wuce ta tashar jirgi, yara na ɗaga wa direba hannu.

Bungudu ba ta sami dogo ba, domin layin ya karkata arewa daga Gusau. Rabonta shi ne hanyar mota mai zuwa Sakkwato, wadda ke ɗauko kayan yammacin lardin zuwa tashar Gusau. Tun daga lokacin ta fara zama garin bakin hanya, kuma abin da ya same ta daga baya ya samo asali daga nan.

Kaya sun sauko kan kwalta

Bayan samun mulkin kai Gusau ta ci gaba da bunƙasa. An kafa masaƙar Zamfara a tsakiyar shekarun 1960, ga injin matsar mai, ga gidajen gurza, har ta zama garin masana'antu na Jihar Arewa maso Yamma da aka ƙirƙiro a 1967, duk da cewa hedkwata tana Sakkwato. Amma a shekarun 1970 abubuwa uku suka haɗu. Fari da cutar gyaɗa suka karya noman da ke ciyar da jirgi. Kuɗin man fetur suka shigo, gwamnati ta juya ga shimfiɗa kwalta ta bar dogo yana tsatsa. Sannan ƙarin albashin Udoji na 1974 da buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 suka sa ma'aikacin da ke hawan keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota.

Daga nan jirgi ya riƙa ja da baya, yau ya zo gobe bai zo ba, har aka daina jiran sa. An sha ba da kwangilar gyaran layin Zariya zuwa Ƙaura, amma ɗaukar kaya bai dawo kansa yadda yake a da ba. Kayan kuwa ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Simintin Kalambaina, da albasar Sakkwato da Kabi, da shanu da tumaki masu zuwa kudu, da hatsi, da takin zamani, da kayan da ke zuwa iyakar Illela su shiga Nijar, da tankokin mai, musamman bayan an kafa ma'ajiyar mai ta NNPC a Gusau, duk suka sauko kan hanya ɗaya.

Bari mu ɗan yi lissafi, don a nan ne asirin yake. Kwaltar babbar hanyar tarayya mai hannu ɗaya faɗinta mita 7.3 ne, wato mota ɗaya mai zuwa, ɗaya mai dawowa. Tirela mai ɗaukar buhun siminti 600, tan 30 ke nan, faɗinta kimanin mita biyu da rabi ne. Idan direba ya tsaya cin abinci ya ɗora rabin motarsa a kan kwalta, wani kuma ya yi haka a ɗaya gefen, abin da ya rage bai isa manyan motoci biyu su gitta juna ba. Hanya mai hannu biyu ta koma kwararo. Ba a bukatar motoci dubu kafin gari ya cushe, tirela biyu da teburin mai shayi sun wadatar. Shi ya sa cunkoson ƙaramin gari ya bambanta da na Ikko ko Kano. Can yawan motocin ne ya fi ƙarfin tituna. Nan kuwa titin ne ake cinye shi daga gefe, a 'yan wurare ƙalilan da kowa ya sani, a kuma sa'o'in da kowa ya sani.

Garuruwan su ma suka taso suka tari kwalta. Da can kasuwa tana cikin gari ko a gindin ganuwa, hanya tana wucewa ta gefe. Da aka ga kuɗi a kan kwalta suke tafiya, sai mai tsire ya matso, mai faci ya matso, mai sayar da rake da mai doya suka matso, tashar mota ta fito daga shingenta ta dawo bakin titi domin fasinja ba ya son shiga ciki, sabbin gidaje da shaguna suka jeru hagu da dama. Ba za mu zargi kowa da neman halaliyarsa ba. Wanda ya ga inda ciniki yake dole ya je. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce ga iyaka, a lokacin da faɗin hakan ba ya bukatar rusa ginin kowa. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 tana nan, ma'aikatar ayyuka kuma takan ce mita 45.72 daga tsakiyar hanya ta kowane gefe na hanya ne. Duk wanda ya san Tsafe ko Bungudu ya auna wannan da idonsa ya gani.

Gusau ta zama hedkwata

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara, aka naɗa Jibril Bala Yakubu kantomanta na farko. Murnar da aka yi a ranar ba ta misaltuwa, kuma ta cancanta. Amma cikin 'yan watanni ma'aikatu, da hukumomi, da bankuna, da dubban ma'aikatan da aka maido daga Sakkwato suka sauka a kan titunan da aka tsara domin garin ciniki na lardi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gusau mutum dubu 383, Tsafe dubu 266, Bungudu kusan dubu 258. Tun daga lokacin an yi kusan shekara ashirin ana haihuwa, an kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, ga kuma dubban 'yan uwanmu na karkara da rashin tsaro ya koro cikin garuruwan nan uku.

Kabu-kabu, wanda matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya haifa, ya yawaita ainun da shigowar babura masu araha daga Sin a farkon shekarun 2000, har ya zama abin da 'yan siyasa ke rabawa. Bayan fara aiki da Shari'a a watan Janairun 2000, gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta hana masu babura ɗaukar mata, ta samar musu da motoci na daban, daga baya kuma keke mai ƙafa uku ya cike wannan gurbi. Keken ya fi babur mutunci da aminci, amma ya fi shi cin hanya, kuma duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan ne tasharsa. Kano ta kafa KAROTA a 2012, mu ma muka sami ZAROTA. A 2023 gwamnatin Dauda Lawal ta shiga sabunta titunan cikin Gusau, ciki har da waɗanda suka tashi daga shataletalen Bello Barau zuwa Tsohuwar Kasuwa. Duk waɗannan sun taimaka, amma Gusau hedkwata ce, tana da gwamna a cikinta da ke bin titunan kullum. Tsafe da Bungudu ba su da wannan gata.

Akwai wani lokaci da hanyar ta yi fayau, kuma ya kamata mu tuna da shi. A watan Satumbar 2021, don yaƙi da 'yan bindiga, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya. Cunkoso ya ɓace. Tare da shi cinikin mai ƙosai ya ɓace, da na ɗan dako, da na dillalin awaki. Wanda ya ga garuruwanmu a waɗannan makonni ba zai sake fatan hanya ta zama wayam ba. Cunkoso alama ce ta cewa gari yana da rai, abin da muke nema shi ne a ba kowane mai rai wurinsa. Rashin tsaron ma ya ƙara dagula lamarin ta wata fuska: tun da mutane suka daina tafiyar dare tsakanin Funtuwa da Gusau, motocin da a da suke rarrabuwa cikin sa'a 24 sun koma tururuwa tsakanin hantsi da la'asar, direban da yamma ta riska kuma dole ya kwana a cikin gari, inda yake ganin akwai jami'an tsaro, ya ajiye motarsa a bakin kwalta.

Darasin baifas

Maganin da kowa ke fara ambata shi ne hanyar bayan gari. Gusau tana da ita, kowa ya san baifas. An yi ta ne don mai zuwa Sakkwato ya wuce ba tare da ya shiga kasuwa ba. Yau a bakinta akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, da ofisoshi, da makarantu, da gidajen mai, da rukunin gidaje, kowanne da ƙofarsa a kan titi. Hanyar bayan gari ta dawo cikin gari. 'Yan uwanmu mazauna Kaduna sun fi kowa sanin wannan labari. Titin Nnamdi Azikiwe an yi shi ne a matsayin baifas ta yamma, sai ga shi Kurmin Mashi da Bakin Ruwa da Kabala sun haɗiye shi, har ya zama ɗaya daga cikin titunan da tireloli suka fi kashe mutane a garin. Aka koma neman wata baifas ta gabas, wadda aka ba da kwangilarta a 2002, aka kuma shafe sama da shekara ashirin ana fama da ita.

Ingila ta sha irin wannan wahala kafin mu. A 1963 wani masani mai suna Colin Buchanan ya miƙa wa gwamnatinsu rahoto a kan motoci a cikin garuruwa, inda ya nuna cewa dole a bambanta titin da aikinsa wucewa ne da titin da mutane ke zaune a kansa, domin titi ɗaya ba ya iya yin aikin biyu da kyau. Bahaushe bai bukaci Bature ya gaya masa wannan ba. Kowane gidanmu yana da zaure, baƙo a nan yake tsayawa, ba ya ratsa tsakar gida don ya fita ta ƙofar baya.

Yanzu Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar tagwaita hanyar Zariya, Funtuwa, Gusau zuwa Sakkwato, mai tsawon kimanin kilomita 375. Abin farin ciki ne, an daɗe ana roƙon sa, rayuka da yawa sun salwanta a kan tsohuwar. Amma ga Tsafe da Bungudu aikin yana ɗauke da haɗari iri biyu. Idan tagwayen hanya suka ratsa tsakiyar gari da shingen kankare a tsakani, an raba garin gida biyu ke nan: makaranta a wannan gefe, ɗalibai a wancan, tsohuwa mai zuwa asibiti ta tsallaka layi huɗu na motocin da yanzu suka sami sararin gudu. Faɗin da aka ƙara kuwa, in ba a tsare shi ba, teburan da suka cinye na farko su za su cinye shi. Idan kuma aka kewaye garin aka bar shi ba tare da wani tanadi ba, ɗaruruwan gidajen da ke ci daga matafiya za su wayi gari ba ciniki, kuma ba za su zauna su mutu da yunwa ba, za su kwashi teburansu su bi sabuwar hanyar, a koma gidan jiya.

A ganinmu mafita ita ce a dawo da zango da sabuwar kama. A kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan a keɓe fili a mashigar gari, a gefen babbar hanya amma ba a kanta ba, mai shinge da ƙofar shiga da ta fita, da rijiyar burtsatse, da masallaci, da makewayi, da fitila, da ofishin jami'an tsaro, inda tirela da tanka za su tsaya su kwana. A ba masu abinci da masu faci da masu shayin da ke bakin kwalta yanzu rumfuna a ciki kafin kowa, domin direba inda abinci yake nan yake tsayawa, kuma ba a hana mutum wuri sai an nuna masa wani. Ranar kasuwa a mayar da lodi da saukale bayan kasuwa, ko da ta hanyar burji ce, a kuma keɓe wa kara da masu dabbobi mashigarsu. Sabuwar hanya kuma, ko ta ciki ta bi ko ta waje, a hana buɗe ƙofar shago ko ta gidan mai kai tsaye a kanta, a yi ƙaramin titi a gefe da zai tattara su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai kuɗin gadar sama guda, wadda ita ce abin da 'yan siyasa suka fi so domin tana fitowa a hoto.

Ƙofar da za a buga

Sau da yawa mukan ce hanyar ta tarayya ce, sai mu naɗe hannu. Kwaltar ce kawai ta tarayya. Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a kan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su. Sarakunanmu, da sarakunan kasuwa, da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, su ne waɗanda in suka ce a matsa, ake matsawa ba tare da kulki ba. Duk waɗannan mutane ne da muka sani, wasu ajinmu ɗaya a firamare.

Akwai kuma magana da ta shafi mazauna birane kai tsaye, za mu faɗe ta ko da ba ta yi daɗi ba. Da zarar an ji inda sabuwar hanya za ta bi, filayen bakinta ne ake fara wawasa, kuma masu kuɗin sayen su galibi 'ya'yan gari ne da Allah ya buɗa wa a Abuja da Kaduna da Fatakwal. Manomin da ya gaji gonar ba shi ne zai gina jerin shaguna ko gidan mai ba. Don haka ya 'yan uwa, wanda ya sayi fili a can ya ja gininsa baya, ya bar wa hanya haƙƙinta tun kafin a zo da jan fenti. Ƙungiya kuma, wadda ta iya tara kuɗin gina azuzuwa da sayen magani, tana iya haɗa hannu da ƙaramar hukuma a mallaki filin zango yanzu da yake gona ce, a yi masa takarda da sunan al'umma, a kafa masa turaku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, filin da ake saye da kuɗin gona bana, in kwalta ta iso sai da kuɗin birni.

A cikinmu akwai injiniyoyi, da masu tsara birane, da lauyoyi, da waɗanda suka yi aiki a ma'aikatar ayyuka har suka yi ritaya. Muna ba da shawarar babban taron bana ya zaɓi kaɗan daga cikinsu, tare da wakilan masarautun uku da na 'yan kasuwa da na direbobi, su je ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke Gusau su nemi ganin taswirar aikin. Su tambaya ta ina hanyar za ta bi a Tsafe da Kwatarkwashi da Bungudu, a ina aka tanadi wurin tsallakawar masu tafiya ƙasa da dabbobi, a ina manyan motoci za su tsaya. Abin da suka samo a karanta shi a gaban jama'a, a kuma buga shi a mujallar baɗi tare da taswirar.